Sanda ko maɓalli: lamarin ogzilari mai lamba 1354 a tsofaffin Ford Explorer da Ranger

A jihohin arewacin Amurka, irin su Minesota da Mishigan, akwai wata safiya da masu tsofaffin motocin fowil, wato masu iya ja da tayoyi huɗu, suka san ta sarai. Ita ce safiyar da dusar ƙanƙara ta fara zuba a shekara. Mutum ya yi wata bakwai ko takwas yana yawo a kan kwalta da tayoyin baya kaɗai, ko kallon maɓallin da ke dashbod bai yi ba. Ran nan ya fito ya tarar hanya ta yi fari fat, ya ta da mota, ya danna maɓallin 4x4. Shiru kake ji. Fitila ba ta kama ba, ƙarƙashin mota babu motsi, tayoyin baya sai wulwulawa suke a wuri ɗaya. Maƙwabcinsa mai irin motar, amma tasa da gajeriyar sanda a ƙasa kusa da ta giya, ya ja sandar nan ya fice abinsa.

Daga irin wannan safiya gardamar sanda da maɓalli ta samo tushe, kuma har yau masu tsofaffin a-kori-kura a can ba su gama ta ba. Sai dai yawancin gardamar ba ta da kan gado, don kowa da motar da yake kafa hujja da ita: wannan Toyota, wancan Chevrolet, shekarun ƙira daban, nauyi daban. Shi ya sa na zaɓi lamarin da babu wannan ruɗani a cikinsa. Daga farkon shekarun 1990 kamfanin Ford ya riƙa sa na'ura guda, mai lamba 1354, ƙirar Borg-Warner, a cikin Ranger da Explorer. Wasu sun fito da sanda, wasu da maɓallin da Ford ya raɗa wa suna Touch Drive. Uwa ɗaya uba ɗaya. Duk bambancin da ya bayyana bayan shekaru, ba a da wanda za a ɗora wa sai hanyar sauya giyar.

Na'urar ita ce wadda kanikawanmu ke kira ogzilari: ƙaramin giyabos da ke manne a bayan babban, yana karɓar ƙarfin inji yana raba shi tsakanin farfelar baya da ta gaba, wato dogayen ƙarafan da ke kai juyi wajen tayoyi. A cikin 1354 abubuwa biyu ne ke aikin. Akwai sarƙa mai faɗi da ke kai juyi ga farfelar gaba idan an haɗa ta. Akwai kuma tarin haƙoran giya da ke rage gudu su ƙara ƙarfi, wato giyar ƙasa, 4L, inda sai giyabos ya juya sau 2.48 kafin farfela ta juya sau ɗaya. Wasu ƙarafa biyu masu kama da gwafa su ke tura zobban da ke haɗawa da rabawa. To, rigimar duka a kan abu ɗaya take: wa ke tura gwafar nan?

A mai sanda, hannun direba ne. Sanda ta motsa ɗan ƙarfe, ƙarfen ya juya faranti, faranti ya tura gwafa. Gurbi huɗu gare ta: 2H (tayoyin baya kaɗai), 4H (tayoyi huɗu), firi, 4L. Idan haƙora ba su daidaita ba, hannunka zai ji taurin, sai ka ɗan gangara da motar ka sake ja. Magana ta ƙare.

A mai maɓalli kuwa saƙo ne ke bin matakai kamar takarda a ofishin gwamnati. Yatsa ya danna. Saƙon ya je wani ɗan akwatin lantarki. Idan 4L kake nema, akwatin zai fara bincike: motar a tsaye take, ko gudunta bai wuce kilomita 5 a awa ba? Giya tana firi, ko an taka kuloci in manuwal ce? Ɗaya ya saɓa, ba zai amsa ba, kuma ba zai gaya maka dalili ba. Idan 4H ce kuma kana cikin tafiya, sai ya tura wuta ga wani koyil na maganaɗisu da ke cikin ogzilarin, wanda ke jan farfelar gaba ta fara juyi har ta kamo gudun ta baya. Sannan ya ba ƙaramar motar lantarki umarni. Wannan motar, wadda girmanta da kamanninta ba su da nisa da ta waifa, a bayan ogzilarin take daga waje. Tana juya wani sandan ƙarfe na cikin ogzilarin mai kai kusurwa uku, sandan ya murɗa sifirin, sifirin ya riƙe ƙarfin har haƙora su daidaita, sannan gwafa ta motsa. A cikin murfin motar lantarkin akwai faranti mai layukan tagulla da wasu 'yan yatsun ƙarfe ke gogawa, su ne ke sanar da akwatin inda aka kwana. Sai ya gamsu fitilar dashbod ke kamawa.

In za a yi adalci, dabara ce mai kyau, kuma ba don ƙawa aka yi ta ba. Explorer, wadda ta maye gurbin Bronco II a ƙirar 1991, ba don manoma da masu shiga daji aka yi ta ba. Iyalai aka nufa, masu kai yara makaranta, waɗanda ba su taɓa riƙe motar fowil ba. Irin wannan direba ba ya son tsayawa gefen titi cikin sanyi ya durƙusa yana murɗa hob, wato makullin da ke haɗa tayar gaba da aksul. Da Touch Drive yana iya shiga 4H yana gudun da ya kai kilomita 88 a awa, hob ɗin gaba su kulle kansu. Sannan akwatin yana kare na'urar daga gangancin mai ita. Ba zai bari ka jefa ta 4L kana gudu ba, abin da mai sanda mai taurin kai kan gwada har haƙora su yi ƙara. Da motar tana sabuwa, babu abin kushewa. Matsalar sai da shekaru suka tara.

Motar da ta ƙi amsawa

Mu ɗauki mota guda mu bi ta daki-daki: Explorer ƙirar 1993, otomatik, mai maɓalli, ta haura shekara talatin, an danna 4x4 ba ta amsa ba. Irin wannan ita ce ta fi yawa a cikin masu wannan ciwo.

Bakanike mai hankali da kunne yake farawa, ba da sifana ba. A danna maɓallin a saurara. Idan an ji ƙas-ƙas daga wajen akwatin, to saƙo ya isa, rile, wato makunnin da akwatin ke tura wuta da shi, na aiki, matsalar tana gaba. Idan babu ko ƙas, a duba fis da maɓallin kansa da wayoyi. A motocin farko akwatin nan zaman kansa yake. Daga 1995 aka mayar da aikin cikin babban akwatin da ke kula da waifa da fitilun ciki da sauran tarkace, abin da ya ƙara wa mai bincike wahala, don yanzu laifin wani wuri na iya shafar fowil.

Mataki na biyu abin dariya ne ga wanda bai sani ba. Mutum ɗaya ya zauna ciki yana danna maɓalli, ɗaya ya kwanta ƙarƙashi yana ɗan ƙwanƙwasa jikin motar lantarkin da ƙotar guduma. Sau da yawa sai ka ji ta yi gurnani ta juya. Duk wanda ya taɓa bugun kik-sitata da ya maƙale ya san wannan magani. Ba gyara ba ne, amma ya nuna inda ɓarawon yake: gawayin cikin motar lantarkin ya maƙale, ko tagullar da yake gogawa ta yi datti, ko giris ya daskare ya zama kamar ƙaro.

Mataki na uku shi ne ya fi kowanne daraja, kuma shi ya sa nake ganin lamarin 1354 ya cancanci nazari. A kwance 'yan notunan da ke riƙe da motar lantarkin, a zare ta. Sai ga kan sandan nan mai kusurwa uku a fili. A kama shi da filaya a murɗa. A mafi yawan lokuta sai ogzilarin ya shiga 4H ya shiga 4L lafiya lau, kamar ranar da ya bar masana'anta. Ma'ana sarƙa lafiya, haƙora lafiya, gwafa lafiya. Na'urar da ake ta zagi ba ta yi laifin komai ba. Ɗan aiken da ke bakin ƙofa ne ya kwanta.

Idan aka buɗe ɗan aiken, akwai wani abu da ake yawan tararwa. A jikin giyar da ke cikinsa akwai ɗan guntun roba mai tauri da aka sa ya zama birki, don kada giyar ta zarce iyakarta. Shekara da shekaru na zafi da sanyi sukan sa robar ta bushe ta farfashe. Da ta faɗi, giyar sai ta ɗan zarce, yatsun ƙarfen nan su sauka a inda babu layin da akwatin ya sani. Akwatin kuwa, da zarar bai san inda sandan yake ba, sai ya ƙi ba da umarni gaba ɗaya, don gudun kada ya yi ɓarna. Mota mai nauyin kusan tan biyu ta rasa tayoyin gaba saboda robar da ba ta kai kan ɗan yatsa ba. Masu gyaran motarsu da kansu a Amurka sun daɗe da gano maganin: a yanko ɗan guntun tiyon mai a zura a gurbin. A goge tagulla, a sa sabon giris, a mayar.

Tarko biyu ne a aikin. Na farko, murfin da ke ɗauke da yatsun ƙarfen ana iya ɗan juya shi hagu ko dama kafin a ɗaure, don haka dole a yi masa alama kafin a kwance. Wanda ya manta, zai gyara komai amma akwatin ya ci gaba da karanta ƙarya. Na biyu, akwai waya mai ruwan ƙasa da ke fitowa daga cikin ogzilarin, ta koyil ɗin maganaɗisu, wadda ke bi ta soket ɗin motar lantarkin. Zare ta ake yi daga soket ɗin a hankali. Mai gaggawa yakan datse ta, daga baya ya zo yana ɗaure-ɗaure a wurin da ruwa da laka ke wanka kullum.

Abin da ke cin kuɗin mutane a nan ba tsadar kayan ba ne, rashin sanin inda za a duba ne. Tun da na'urar ba ta faɗa wa direba ciwonta a fili, sai a fara canje-canje da ka: yau maɓalli, gobe akwati, jibi a ce ogzilarin ne gaba ɗaya ya mutu. Mai sanda ba ya shiga wannan duhu. In sandarsa ta ƙi motsi, ya leƙa ƙasa ya ga tsatsa ko ƙarfen da ya goce da idonsa.

Sannan a lura da musabbabin: yawancin motocin lantarkin nan ba aiki ne ya kashe su ba, zama ne. Wadda ake dannawa kowane mako takan daɗe. Wadda ake tunawa da ita sau ɗaya a shekara ita ke cin amana.

Fitila ta kama, amma gaba ba ta ja

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce sanda ta yi nasara a tashi. To amma a motarmu ta 1993 akwai sauran rina a kaba. An gyara motar lantarki, an danna, fitila ta kama, farfelar gaba tana juyi, amma an shiga laka tayoyin gaba ba sa ja, sai wata ƙara ƙarrr daga wajen taya. Wannan kuma hob ne.

Hob mai kulle kansa yana jiran aksul ya fara juyi ne, juyin ya tura wani ɗan ƙarfe a ciki ya kama tayar. In za a sake shi, sai an fita daga fowil an yi ribas kamar mita 3. Ƙananan kayan cikinsa suna lalacewa, giris mai yawa ko datti na hana su motsi, kuma sukan saki a daidai lokacin da ake gaba ana baya don fita daga rami. Fitilar dashbod ba ta san da wannan ba, ita dai ogzilari take kallo. Kuma ciwon bai bar masu sanda ba, don akwai motoci masu sanda da aka sa wa irin wannan hob. Shi ya sa gyaran da ya fi yaɗuwa a tsakanin masu waɗannan motoci shi ne cire hob mai kulle kansa a sa na murɗawa da hannu, irin na kamfanin Warn. A Ranger ta 1998 zuwa 2000 Ford ya gwada hob mai aiki da zuƙar iska daga inji, shi ma tiyo ko roba ta tsage ya daina kamawa, daga baya aka bar aksul ɗin gaba a haɗe dindindin.

A gefe guda, masu Chevrolet da GMC na ƙirar 1988 zuwa tsakiyar shekarun 1990 sun fi kowa sanin cewa ganin sanda a ƙasa ba ya nufin an rabu da lantarki. Nasu ogzilarin da hannu ake ja, amma abin da ke haɗa aksul ɗin gaba wata na'ura ce da wuta ke ɗumama iskar gas a cikinta har ta kumbura ta tura ƙarfe. A tsananin sanyi, lokacin da aka fi bukatarta, a lokacin take nawa. Ka ja sanda da ƙarfinka, ka zauna jiran abu ya yi zafi.

Gyara ko sauyawa

Mai Explorer ɗin nan yanzu hanya uku ce a gabansa. Ya gyara motar lantarkin ko ya sayi wata. Ko ya cire ta ya riƙa shiga ƙarƙashi yana murɗawa da filaya, wanda dabarar fita kunya ce ta rana ɗaya, ba ta zama ba. Ko ya mayar da motar mai sanda.

Ta ukun ita ce masu son sanda ke zugawa, kuma tana yiwuwa, tun da na'urorin biyu gurbinsu ɗaya a bayan giyabos. Amma ba a sa wa mai maɓalli sanda kawai a wuce. Ogzilari mai sanda ake nemowa sukutum daga yadin tsofaffin motoci, irin Pantekarsu ta can, tare da sandar da ƙarfen da ke riƙe ta da robar da ke rufe ramin. Sai an duba ko wutsiyar giyabos tana da gurbin ɗaure ƙarfen. Sai an buɗe rami a daɓen mota. Sai an sake haɗa wayar fitila. Kuma da yake masu maɓalli sun fi yawa nesa ba kusa ba, musamman a Explorer, mai sanda ba ya samuwa a arha. Uwa-uba, kana cire na'urar da ka tabbatar da lafiyarta da filayarka, kana ɗaura wadda ba ka san irin wahalar da ta sha ba. Wataƙila sarƙarta ta saki, wataƙila an yi shekaru ana tuƙa ta a 4H bisa busasshiyar kwalta. Wannan na ƙarshe yana cutar kowace iri, don 1354 ba ta da abin da ke bambanta gudun gaba da na baya a kwana, sai ƙarafa su riƙa murɗe juna.

Ita ma sandar ba waliyyiya ba ce. Gishirin da ake zubawa a titunan arewacin Amurka don narkar da ƙanƙara yana cin mahaɗarta har ta ƙame, robobinta su cinye ta riƙa lilo. Bambancin dai shi ne ciwonta a fili yake, maganinsa man sassauta tsatsa da giris. Tana kuma da abu guda da mai maɓalli ba shi da shi: gurbin firi, wanda ke raba tayoyi huɗu da giyabos, ya sa a iya jan motar a bayan wata. Amma kaifi biyu gare shi. In ogzilari yana firi, ko ka sa giya a P motar na iya gangarawa, sai birkin hannu ya riƙe ta.

A ganina, ga wannan motar ta 1993 da ke zirga-zirgar gari da ɗan shiga gona, sauyawa asarar kuɗi ce. A gyara motar lantarki, a sa hob na hannu, a canza man ogzilarin, wanda man giyar otomatik ne irin Mercon ba baƙin mai mai kauri ba, sannan a ɗauki al'adar shiga 4H da 4L sau ɗaya a wata a kan ƙasa ko yashi. Amma da za a ajiye mini guda biyu masu shekaru ɗaya a ce in zaɓa don tafiyar da babu gari kusa, mai sanda zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Ba don ta fi ƙarfi ba, mun riga mun ga cikinsu ɗaya ne. Don dai in ta ƙi, zan san dalili kafin rana ta faɗi.

Lamarin ya shafe mu ta hanya biyu. Jif-jif na Amurka suna shigowa ta Kwatano da Legas, kuma ko da yawancinsu ƙirar baya-bayan nan ne masu wani ogzilarin daban, da dama daga cikinsu irin wannan motar lantarki ce ke manne a bayan ogzilarinsu. A can aƙalla sanyin kowace shekara yana tilasta a danna maɓallin. A Kano ko Abuja mota sai ta yi shekara uku ba a taɓa shi ba, sai ranar da damina ta kama mutum a hanyar ƙauye. Mai saye ya kan duba inji da giya da na'urar sanyaya ciki, ya manta da fowil ɗin da ya biya kuɗinsa. Kamata ya yi a kai ta kan yashi kafin a biya, a ga tayoyin gaba suna tono da ido, kada a yarda da fitila. A kuma sani cewa Ranger ɗin Amurka ta wancan zamani ba ita ce Ranger da aka saba sayarwa sabuwa a Afirka ba, kayansu ba sa shiga juna.

Ta biyun ita ce Hilux. Tun ƙirar 2015 Toyota ya cire gajeriyar sandar a yawancinsu ya sa abin murɗawa a dashbod, alhali Land Cruiser 70, wadda ake ƙerawa tun 1984, tana nan da sandarta. Direban da ke ɗaukar hanyar Agadas zuwa Dirku ya san abin da wannan bambanci ke nufi a wurin da mai rewaya mafi kusa yake nisan kwana biyu. Hilux masu abin murɗawa suna ta tsufa yanzu a hannun na biyu da na uku, cikin ƙura da ruwan damina, kuma tsarinsu ba irin na Ford ba ne, dabarar filaya ba lalle ta yi aiki a kansu ba.

Ga mai 1354 kuwa da ya maƙale ya zare motar lantarkin ya murɗa sandan da hannu, akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa. Ramin da ke jikin motar lantarkin shi ma kusurwa uku ne, kuma yana nan a gurbin da ta mutu. In an bar sandan a 4H ita kuwa tana 2H, ba za ta zauna ba, kuma dannawa da ƙarfi fasa ta zai yi. Sai an mayar da sandan inda aka same shi kafin a ɗaura.